Gidan da Ba a Furfura

"Dakata... dakata, 'yar'uwa, kar ki soka tukuna."

Na tsaya da allura a hannu ina kallonsa. Dogo ne ƙato, ga kyamara rataye a wuya, amma gumi sai tsattsafo masa yake yi a goshi.

"Malam, ko taɓa ka ban yi ba fa."

"Na sani. Shiri nake yi."

"Shirin me?"

"Shirin barin duniya."

Na danne dariyata, don aikina bai yarda in yi wa marar lafiya dariya ba ko da ya cancanta. Ni ce mai ɗibar jini a ɗakin gwaji na asibitinmu, kuma na ga maza iri-iri a kan kujerar nan. Wanda ya fi cika baki a bakin ƙofa shi yake fara neman uwarsa idan ya ga allura. Shi ya sa nake da dabarata: in ɗaure damtse da roba, in shafa auduga, in jefa wa mutum tambaya, kafin ya gama amsawa na gama aikina.

Tambayar ma Likitarmu ce ta ɗora mana ita. Mace ce mai faɗa da kirki a haɗe, ta ce duk wanda ya zauna a kujerar nan kar ya tashi ba a yi masa ita ba.

"A gidanku akwai wanda ciwon zuciya ya taɓa kayarwa tun bai tsufa ba?"



"Babana," ya ce. "Da ƙaninsa. Kakana ma haka aka ce mana."

Na ji abin har raina, amma hannuna bai tsaya ba. Allura ta shiga, jini ya fara taruwa a kwalba. Sai ya yi kuskuren leƙawa.

Ƙaton nan kawai na ga ya tafi luuu... ya sulale a kujera.

Ni da abokiyar aikina muka hau fifita, muka yayyafa masa ruwa. Da ya buɗe ido abin da ya fara lalube kyamararsa ce.

"Tana nan, ba abin da ya same ta," na ce.

"An gama?"

"Tun ɗazu."

Ya dube ni, ya daɗe yana dubana, har na fara gyara mayafin da ba abin da ya same shi.

"Don girman Allah kar ki gaya wa kowa."

"Wa na sani naka da zan gaya wa?"

"To ai sai ki san su. In kin san su, sannan ki rufa min asiri."

Haka muka fara, ni da Mai Hoto.

Da sakamakonsa ya fito, ya shigo yana kaɗa takardar sama kamar wanda ya ci jarrabawa.

"Mai Allura, kin gani? Tas! Kitsen jini daidai, suga daidai. Ashe suman banza na yi."

Na ja shi ofishin Likita, don na riga na gaya mata amsar da ya ba ni. Ta sauke tabarau ta duba takardar, sannan ta dube shi.

"Wannan gwajin da kowa yake yi ne, kuma ya yi kyau," ta ce. "Amma akwai wani nau'in kitse a jini da ake gadonsa, kamar yadda ka gaji tsawon nan. Ba ruwansa da ƙiba ko rama, ba ruwansa da abin da ka ci. Yana toshe jijiyoyin zuciya a hankali, kuma wannan gwajin ba ya ganinsa sai an neme shi musamman. Sau ɗaya ake yi a rayuwa. Mai tarihin gida irin naka bai kamata ya tsallake shi ba."

"Da allura ake yi?"

"Da allura."

"To Likita, Allah ya bar zumunci."

Ya miƙe ya fice. Likita ta bi shi da kallo ta ce min, "Zai dawo."

Ya kuwa dawo, sai dai ba don allura ba. Yau ya ce ya manta murfin kyamara, gobe ya ce ya zo gaishe da kujerar da ta kayar da shi. Rannan ya kama katin aikina da ke rataye a wuyana ya ƙura masa ido, ya girgiza kai.

"Wanda ya ɗauki hoton nan ya zalunce ki. Ki ba ni sunansa in kai shi ƙara."

"Haka nake ai."

"Wallahi ba haka kike ba. Ni da nake ganinki ko na rufe ido, ni za ki gaya wa?"

Na ce masa ya tafi yana hana ni aiki. Amma ranar har na koma gida ina murmushi ni kaɗai, Mama tana tambayata ko an ƙara min girma ne a wurin aiki.

Ranar hutuna muka je shagonsa ni da abokiyar aikina, wai a gyara zaluncin. Ɗan shago ne mai tsafta, fitilu biyu masu lema, labule fari a baya, kwamfuta a lungu. Mun tarar da shi yana gyara hoton wani dattijo, yana bin gashin mutumin yana mayar da fari baƙi.

"Kullum aikin ke nan," ya ce. "Kowa ya zo sai ya ce in goge masa furfura. Abin da nake roƙon Allah ya ba ni, shi suke roƙona in share."

Na yi dariya, na zaci wasa yake yi. Sai ya nuna min bangon bayan teburinsa. Hotunan maza ne jere, duk dogaye, duk masu irin hancinsa, duk gashi baƙi wuluk. Guda ɗaya ne kawai a tsakiya mai furfura a kai da gemu.

"Wannan fa? Ai ga dattijo."

"Babana ne." Muryarsa ta sauka. "Bai taɓa yin ta ba. Hajiyata ce ta zo rannan ta zauna a nan, ta ce tunda na iya gogewa, ashe na iya sakawa. Ta ce tana so ta ga yadda zai kasance da ya tsufa tare da ita. Na zauna na yi masa ita gashi ɗaya-ɗaya."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba.

"Gidanmu ba a furfura, Mai Allura."

"Shi ya sa ka ƙi gwajin?"

"Allurar ma ina tsoro, ba ƙarya. Amma abin da za ta faɗa ya fi ta ban tsoro."

A ranar na san ina son sa, so irin wanda ba a shawara da shi. Hoton da ya ɗauke ni kuwa ido jajur na fito, kuma har yau shi ne a katina.

Soyayyarmu ta yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Yana jirana a bakin asibiti in na tashi, ya karɓi jakata, mu taka a ƙasa har kwanar gidanmu yana ba ni labarin amaren da suke cewa ya rage musu kumatu. In na ce, "Ruhina, gwajin fa?" sai ya ce, "Kin ga wancan gajimaren? Kamar akuya." Da ya ce zai turo manyansa, na shiga ɗaki na yi rawa ni kaɗai.

Sai Mai Kemis ya shigo cikin maganar.

Ɗan ƙawar Mama ne, yana da kemis a bakin titinmu, kuma ya daɗe yana kawo wa Mama man zafi kyauta yana tambayar ina nake. Ni dai ban taɓa jin komai a kansa ba ban da ƙamshin turarensa da yake riga shi shigowa. Da ya ji labarin Mai Hoto, sai ya yi wanka ya zo ya zauna a falonmu ya yi fuskar tausayi.

Na dawo daga aiki na tarar da Mama a zaune ta haɗe rai.

"Auta, zauna."

Na zauna.

"Yaron nan mai hoto, me ya kashe ubansa?"



"Mama..."

"An gaya min komai. Uba, ƙanin uba, kaka, duk faɗuwa ɗaya. An ce a jininsu yake, kuma ba shi da magani. Wanda ya gaya min magani yake sayarwa, ya san abin da yake faɗa."

"Mama, rabin magana ya gaya miki. Idan an sani da wuri..."

"Ban haife ki don ki yi takaba da ƙuruciyarki ba. Na san zafin mutuwar farat ɗaya, ba labari aka ba ni ba. Ki ce masa ya yi haƙuri."

Na juya wajen Baba, yana gefe da rediyonsa, kansa fari fat.

"Baba, ka sa baki."

"Abin da uwarki ta ce," ya ce, ya ƙara muryar rediyon.

Ban yi niyyar gaya wa Mai Hoto ba, amma mutumin da sana'arsa kallon fuska ce ba a ɓoye masa kuka. Ya saurare ni har na gama, yana jujjuya murfin kyamara a hannu.

"Mama ta yi gaskiya," ya ce.

"Me ka ce?"

"Na ga abin da Hajiyata ta sha. Ba zan so miki shi ba. Son da nake miki ya fi ƙarfin in mayar da ke mai zuwa shago a yi wa hotona furfura."

"To ka yi gwajin mu san inda muke!"

"In ya nuna ina da shi fa?"

"Sai mu yi abin da ya kamata."

"Ki yafe min, masoyiyata."

Ya tafi. Ya daina zuwa bakin asibiti, ya daina ɗaga waya. Haushi da kewa suka haɗu suka hana ni sakat, har wani bawan Allah ya ce min, "'Yar nan, yau hannunki da zafi." Mai Kemis kuwa ya ninka man zafi, har da ƙarin maganin tari da ba wanda ya tambaye shi.

Wata ranar hutu da hantsi aka yi sallama. Wata dattijuwa ce 'yar siririya, fes da ita, tana tafe a tsaye ƙyam. Ina ganin idonta na san ko wace ce.

"Ke ce Mai Allura?"

"Ni ce, Hajiya. Sannu da zuwa."

"Kin ramar min da ɗa. Ina mamanki?"

Aka gaisa, gaisuwa mai tsawo irin ta mutanen da kowa ya san akwai magana a ƙasa. Na shiga na haɗo shayi, ina jiyo su.

"'Yar'uwa, ban zo faɗa ba," Hajiya ta ce. "An ce kin ce jininmu ba kyau. Ban ji haushi ba, da ni ce ke wataƙila abin da zan ce ke nan. Ni na binne miji ina da goyo."

Mama ta sassauta. "Allah ya ji ƙansa. Wallahi ba ƙiyayya ba ce, Hajiya. Tsoro ne."

"Na sani."

Na shigo da tire. Hajiya tana kallon wani hoto a bangon falonmu, hoton Kawuna da na tashi na gani a wurin har na daina ganinsa.

"Wannan kyakkyawan fa?"

"Yayana ne. Ya rasu."

"Allah sarki. Jinya ya yi?"

"Ina fa. Lafiya lau ya fita aiki, ya dafe ƙirji ya faɗi. Aka ce gajiya ce ta yi masa yawa."

"Da ƙuruciyarsa haka?"

"Ko aurar da 'ya bai yi ba."

"Mahaifinku fa?"

Mama ta buɗe baki, sai ta tsaya.

"Shi ma... a kasuwa aka ɗauko shi. Ina ƙarama."

Na ajiye tiren a gabansu. Tambayar da nake yi wa baƙi daga safe har yamma ce, ga ta yau a falonmu a bakin wata, kuma ga amsarta rataye a bango.

Hajiya ta karɓi kofinta a natse ta kurɓa.

"To ga shawara," ta ce. "Tunda 'yarki ta iya aikin, a auna na kowa. Namu da naku. Ni zan kawo nawa, har shi mai suman."

"Ya gaya miki ya suma?" na ce.

"'Yata, ni na haife shi. Ko ƙaya ce ta soke shi sai an yi fifita."

Mama ta yi dariyar da ba ta shirya ba. Daga nan ta ce ta yarda, don dai a san gidansu lafiya lau yake.

Likita da ta ji, kamar ta yi guɗa. Ta ce abin da take ta fama a gane ke nan, cewa idan an samu mutum ɗaya a gida, gidan gaba ɗaya ake kira. Ta ware mana safiya guda.

Ban taɓa ganin ɗakin jiranmu ya cika haka ba. Hajiya ta zo da 'ya'yanta da 'ya'yan ƙanin mijinta. Mama ta zo da yayyena da 'ya'yan Kawu, kowa yana tsokanar kowa. Mai Kemis ma ya biyo Mama, wai ya zo ba da ƙwarin gwiwa. Abokiyar aikina ta ce masa tunda ya zo ya miƙo hannu, sai ya tuna ya bar shago ba kowa.

Mai Hoto ne ya shigo ƙarshe. Ya rame, gemu ya taru. Ya zauna a kujerar ba tare da ya dube ni ba.

"Malam, miƙo hannu."

"Malam na koma?"

"Wanda ba ya ɗaga waya ai malam ne."

Na ɗaure roba, na shafa auduga.

"Yi min tambayar mana," ya ce a hankali.

"Na san amsarta."

"To yi wata."

"Ka yi kewata?"

Ya ɗago ya dube ni.

"Ko hoto na ɗauka sai ya fito dishi-dishi. Wata amarya har ta yi min kuka."

"An gama."

"Me?"

"An gama. Danne audugar."

Ya dubi hannunsa, ya dubi kwalbar, ya dube ni. Bai suma ba. Ya fita ɗakin jira ya ɗaga hannu sama, dangi suka hau tafi kamar ya ciyo kofi.

Ni ma na zauna a kujerar, abokiyar aikina ta ɗebi nawa. Ashe da zafi. Na yi alkawarin rage yi wa maza dariya a zuci.

Ranar sakamako Likita ta riƙa kiran mutane ɗaya bayan ɗaya tana rufe ƙofa. Wasu suka fito da murmushi, wasu suka fito da takardar magani. Da aka zo kaina, ta ce in zauna, ba ta taɓa ce min in zauna a ofishinta ba.

"Naki ya hau," ta ce. "Ba kaɗan ba."

Na san duk bayanin, ni nake yi wa mutane shi. Amma da ya zama nawa sai na ji kunnena ya toshe.

"Saurare ni da kyau," ta ce. "Shi kansa ba a wanke shi da abinci, gaskiya ne. Amma ba shi kaɗai yake kayar da mutum ba, taron dangi suke yi masa: hawan jini, suga, sigari, da ɗaya kitsen da muke da maganinsa. Waɗannan duk muna iya riƙe su. Kawunki bai san yana da shi ba, ba wanda ya taɓa auna masa komai. Ke kin sani tun kina yarinya, kin riga shi da nisa."

Na fito na tarar da Mai Hoto a barandar baya, yana jingine da bango da takarda a hannu.

"Ina da shi," ya ce. "Har da hawan jini da ban sani ba. An ba ni magani." Ya yi ɗan murmushi. "Kin san abin mamaki? Na ji sauƙi. Da ina gudun abin da ban gani ba, yanzu ga shi a takarda, ɗan ƙarami da shi. Amma maganar Mama tana nan, don haka..."

Na miƙa masa tawa.

Ya karanta. Ya sake karantawa. Fuskarsa ta canza.

"To ka yi haƙuri," na ce. "Son da nake maka ya fi ƙarfin in bar ka da marayu. Ka nemi mai jini mai kyau."

"Kar ki soma."

"Ka yafe min, masoyina."

"Na ce kar ki soma! Wace irin magana ce wannan? Don takarda ta ce kaza sai in bar ki? Ko kwana nawa Allah ya rubuta miki ai ni nake so su zama nawa. Magani ne sai mu sha, tafiya ce sai mu taka, in ma..."

Ya tsaya. Na naɗe hannu ina kallonsa.

"Ci gaba mana," na ce. "Ina ji."

Ya sunkuyar da kai, ya sosa ƙeya.

"Haka na yi miki, ko?"

"Haka ka yi min."

"Da zafi."

"Ya fi allura."

Ya yi dariya, idonsa cike da hawaye. "Na tuba, Mai Allurata. Ba zan ƙara yanke mana hukunci ni kaɗai ba."

"'Ya'yanmu fa? In suka gada daga ni da kai?"

"Sai mu kawo su wannan kujerar tun da wuri. Su dai kar su gaji suman."

Saura Mama. Mun same ta a ɗakin jira ita da Hajiya, mutane sun watse. Mama tana riƙe da takardarta da ledar magani. Nata ya hau, jininta ma ya hau, ita da take cewa ciwon kanta na yawan surutunmu ne. Hajiya tana riƙe da hannunta.

Mama ta dubi Mai Hoto ta daɗe.

"Zo nan, ɗana."

Ya durƙusa a gabanta.

"Na ce jininku ba kyau, ashe tukunya ɗaya muke ci. Ba don mahaifiyarka ba, da ina nan ina shafa man zafi har ranar da zan faɗi." Ta share ido da gefen mayafi. "Hajiya, kin ji na 'yata. Ba zan ɓoye miki ba. In kin fasa ba zan ga laifinki ba."

"Fasa me?" Hajiya ta ce. "Yarinyar da ta soki ɗana bai suma ba? Ko da me ta zo ina so."

A gida Mama ta zauna ta zayyana wa Baba komai, ta ƙare da ajiyar zuciya.

"Ka ga ikon Allah. Da ka yi irin binciken da na yi, da ba ka aure ni ba."

Baba ya rage muryar rediyo, abin da ba ya yi ko don baƙo.

"Wa ya ce miki ban yi ba? Na yi, aka gaya min na mahaifinki, na ce na ji na gani."

Mama ta rufe fuska da mayafi kamar amarya, ni kuwa na gudu ɗaki.

Mai Kemis ya zo da yamma da ledarsa. Mama da kanta ta gaya masa sakamakona, tana kallon idonsa. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ce ai ba komai, ya ce bari ya je ya dawo. Man zafin da ya bari ranar shi ne na ƙarshe.

Aka ɗaura mana aure cikin farin ciki. Ango ya kasa haƙuri, ya riƙa ƙwace kyamara daga hannun wanda ya ɗauko yana cewa ba haka ake riƙe ta ba. Likita ta zo, ta ci ta sha, sannan ta bi dangin da ba su zo gwaji ba ɗaya-ɗaya tana tambayarsu ranar da za su zo.

Rayuwarmu ta tafi da 'yan ƙa'idojinta. Maganinsa da nawa a kwano ɗaya kusa da buta, wanda ya manta ɗayan ya yi masa tsiya. Kullum da yamma muna takawa, Mama da Hajiya a gaba suna gulmarmu, mu a baya muna gulmarsu. Yara suka zo, muka kai su kujerar da lokacinsu ya yi. Babbar ko gezau, ƙaramin kuwa sai da aka yi fifita, Hajiya ta ce ba shakka jikanta ne.

Shekaru suka tafi. Ranar da ya wuce shekarun da babansa ya tsaya, na ga ya daɗe a kan sallaya.

Wata rana da la'asar yana kwance ya ɗora kai a cinyata, yana ba ni labarin wani ango da ya ce a ƙara masa tsawo. Ina wasa da gashinsa, sai yatsana ya tsaya a saman kunnensa.

"Ruhina... kar ka motsa."

"Mene ne? Kwaro ne?"

"Kar ka motsa na ce."

Guda ɗaya ce, fara sol, ta miƙe a tsakiyar baƙi.

"Furfura," na ce.

Ya tashi a hankali yana dafe da wurin kamar za ta gudu.

"Kar ki cire. Don Allah kar ki taɓa ta. Ɗauko kyamara. A'a, ɗauko mayafinki, mu je wajen Hajiya."

Muka same ta a tsakar gida tana jan carbi, ta tsufa sosai, ido ya yi rauni. Ƙaton nan ya durƙusa a gabanta ya kawo mata kansa. Na kama yatsanta na kai wurin.

Ta matso da fuska. Ta duba. Ta lashi yatsa ta murza gashin, ta duba yatsan, ta sake murzawa da ƙarfi.

"Ba ta fita," ta ce. Ta ɗago ta dube ni. "'Yata, ba shi ya saka ba?"

"A'a, Hajiya. Tasa ce. Da kanta ta fito."

Ta riƙe kansa da hannu biyu ta jawo shi ƙirjinta, tana dariya hawaye yana zuba.

Ni na ɗauki hoton, ya fito a karkace. Ya ƙi yarda a gyara komai a jikinsa. Yana nan a bangon shago, kusa da na babansa.